Daƙiƙa 300 na Mantuwa

Da safiyar wata ranar jarrabawa, muna sauri mu buga takardun tambayoyi, sai aka zare wayar firinta daga ƙaramin suwic ɗin ofishinmu aka soka ta a na ofishin maƙwabtanmu. Firintar ta yi kunnen uwar shegu da duk saƙon da aka aika mata. Nan da nan aka rufe matashin ma'aikacin da ya taɓa wayar da faɗa, har ana zancen ba shi takardar tuhuma. Bayan kamar minti biyar, ba tare da kowa ya gyara komai ba, ta fara aiki. Yaron bai yi laifi ba, kuma ina ganin ya cancanci a bayyana dalili.

Suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci a gini ɗaya, ba a haife shi da sanin kowa ba. Kowace na'ura tana da adireshin MAC mai bit 48. Duk saƙon da ya shigo, suwic yakan duba adireshin mai aikowa, ya rubuta a rajistarsa cewa wane yana bayan ƙofa kaza. Idan saƙo ya zo wa wanda bai sani ba, sai ya watsa shi ta dukkan sauran ƙofofin, kamar mai shela a kasuwa. Adireshin da bai sake jin motsinsa ba kuma, yakan goge shi bayan daƙiƙa 300, wa'adin da ƙa'idar IEEE 802.1D ta ba da shawara.

Idan ƙofa ta mutu, galibin suwic ba sa jiran wannan wa'adi. Nan take suke share duk adireshin da suka koya ta wannan ƙofar. To amma a ranar, ƙofar babban suwic ɗin ginin ba ta mutu ba, domin ƙaramin suwic ɗinmu yana nan a kunne a bayanta. Firintar kuwa miskila ce, ba ta magana sai an yi mata, don haka ba ta sanar da ƙaurarta ba. Babban ya ci gaba da kai mata saƙo tsohon gida har wa'adin ya cika, ya manta, ya yi shela, ta amsa.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin wannan giɓi. A tsarin hana saƙo kewayawa da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, idan hanya ta sauya, ana rage wa'adin zuwa daƙiƙa 15 na ɗan lokaci. Gyaran 802.1w na 2001 ya ce a share nan take.

A nan ne nake saɓa wa abokan aikina masu cewa a rage wa'adin kawai a huta. Yawan mantuwa yawan shela ne, yawan shela kuwa cunkoso ne, kuma saƙon wani yakan isa ƙofar da ba tasa ba. Ga mu kuma da ɗaukewar wuta: idan ba a saita ƙofofin kwamfutoci a matsayin na bakin layi ba, duk kwamfutar da ta mutu ta dawo sai a ɗauka hanya ce ta sauya, rajistar ginin ta yi ta zubewa. A ɗakin gwajinmu wannan saitin na fara sa ɗalibai su duba, sannan na cire ƙananan suwic biyu daga ofisoshin.