Jelin Rubutu a Kan Kek: Yadda Za Ku Haɗa Shi a Gida

Mata da yawa a ƙauyukanmu sun iya gasa kek mai daɗi, amma in an zo biki ko suna sai a tafi gari a sayo mai tsada, don kawai an rubuta suna a kansa. Wannan kuɗi bai kamata ya wuce ku ba. Abin da ake rubutun da shi wani jeli ne mai sheƙi, kuna kuwa iya haɗa shi a kan murhunku. Ya fi adon bota jimre wa zafin ƙasarmu, gama bota narkewa take yi.

Kayan da za ku tanada, da babban cokali:
Sukari, cokali 5
Farin garin masara mai laushi na fakiti, wato kon fulawa, cokali 1
Ruwa mai tsabta, cokali 6
Ruwan lemun tsami da aka tace, cokali 2

Ga yadda za ku yi:
1. Ku dama garin da ruwan sanyi tukuna. In ya faɗa ruwan zafi a bushe, gudaji zai yi.
2. Ku zuba sukari, ku ɗora a ƙaramar wuta, kuna juyawa ba fasawa.
3. Da farko fari ne kamar madara. In zafi ya kai wajen digiri 70, ƙwayoyin garin sukan sha ruwa su kumbura, sai ya soma kauri. Ku bari ya tafasa minti 1, har ya washe.
4. Ku sauke, sa'an nan ku zuba lemun tsami. Tsami yakan tsinka kaurin in sun daɗe tare a wuta.
5. Ku rufe shi ya huce sarai. In ya yi kauri ainun, ku ɗiga ruwan da aka tafasa.

Wajen launi, ku yi amfani da kalar abinci kaɗai. Ruwan zoɓo mai kauri a maimakon ruwan damawa yana ba da ja mai kyau. Kada ku kuskura ku sa galura ko wani rinin tufafi, gama guba ne ga ciki.

Ku zuba jelin cikin leda sabuwa, ku tura shi kusurwa ɗaya, ku yanke bakin kaɗan. Ku fara zana sunan da tsinke a kan farin adon sukarin da kuka shafe kek da shi, kana ku bi sawun kuna matsawa a hankali. Kek tsirara yakan shanye shi. Jelin ba ya bushewa ya yi tauri, saboda haka kada murfi ya taɓa rubutun.

Akwai wani irin da ake yi da jelatin. Yawancin jelatin daga fatar alade ko fata da ƙashin shanu ake samo shi, ba kullum fakiti yake faɗa ba. Shi ya sa muka zaɓi na masara, domin kowane maƙwabci ya ci da kwanciyar rai.

In ba ku da firji, ku haɗa na ranar kaɗai. Cikin firji, a kwalba mai murfi, kada ya wuce kwana 5. Muna ba ku shawara ku gwada hannu a kan faranti sau da dama kafin ranar biki.