Abincin shanu na bazara, tun kaka ake tanadinsa

A zagayen da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, abu guda muke gani kowace shekara. A watan Satumba haki ya kai gwiwa, shanu suna sheƙi, nono ya wadata. A watan Mayu kuwa daji ya zama fili, sai rairayi. Saniya ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Wata ma sai an taru an ɗaga ta kafin ta miƙe. Mai ita ya kai ta kasuwa, ya sayar a wulaƙance. Yara su rasa nono. Ruwan shuka ya sauka, bijimin noma ba ya da ƙarfin jan garma.

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Matasa kuma sun ga na 2010. A wannan shekara bisashe da yawa sun mutu don yunwa, waɗansu kuma ruwan damana ya tarar da su ba ƙarfi, ya ƙarasa su. Ba mu da iko a kan ruwan sama, amma muna da iko a kan tanadi. Tun ran gini, ran zane.

Mu fara da lissafi

Masana kiwo sun auna cewa saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar busasshen abinci wajen kilo 6 kowace rana. Watanni mafi tsanani su ne Afrilu, Mayu da Yuni, wato wajen kwana 90. Kilo 6 sau 90, kilo 540 ke nan. Idan daminku yana da nauyin kilo 10, saniya guda za ta ci dami 54. Mai shanu 3 yana buƙatar dami 162. Kowa ya ɗauki alƙalami ya yi nasa lissafin. Wanda ya ga tanadinsa ba zai kai ba, ya rage kai ɗaya ko biyu tun Nuwamba ko Disamba, lokacin da suke da ƙiba. Kuɗin ya sayi dusa tun tana da araha.

Yaushe ake yankan haki?

Yawancinmu muna jira sai haki ya bushe a tsaye, ya yi fari, sannan mu fita da manjagara. Irin wannan haki yana cika ciki, amma ƙarfinsa kaɗan ne. Amfaninsa ya tafi cikin iri, rana kuma ta cinye saura. Lokacin da ya dace shi ne sa'ad da haki ya fara fure, wajen ƙarshen damana. Kyasuwa, komayya, gadagi da marak duk suna yin ingirici mai kyau. Ƙarangiya ma tana yi, idan an yanke ta kafin ta fid da ƙaya. Mutanen bakin kogin Kwara suna da burgu.

A yanka bayan raɓa ta ɗauke. A baza, a riƙa juyawa kwana 2 ko 3. Ingirici mai kyau yana riƙe da launin kore da ƙamshi. Kada a ɗaure shi da danshi, domin zai yi fumfuna, kuma abinci mai fumfuna yana cutar da dabba. Kada kuma a aske wuri gaba ɗaya. A bar wani sashe ya zubar da iri, don hakin baɗi.

Harawar wake da ta gyaɗa sun fi kowane haki ƙarfi. Amfaninsu yana cikin ganye, saboda haka a ɗaure su tun ganyen bai kakkaɓe ba. Mun saba jibge harawa a kan ɗaki ko a reshen icce. Can ta tsira daga awaki, amma rana tana dukanta wata da watanni. Gara a yi mata rumfa mai inuwa, bisa dandamali, don gudun gara da danshin ƙasa. A nisanta ta da murhu.

Yadda ake ƙara wa kara ƙarfi

Karan hatsi da na dawa, idan an zuba su ɗungurungum, shanu suna cin ganye su tattake saura. A sassare su ƙanana, ɓarna za ta ragu. Akwai kuma dabarar takin zamani fari da ake kira ure. Ana narkar da kilo 5 na ure cikin ruwa lita 50. A yayyafa wa kilo 100 na kara ko busasshen haki, cikin rami ko ɗakin laka. A tattake sosai, a rufe ruf yadda iska ba za ta shiga ba, har sati 3. Idan an buɗe, a baza na gobe tun yau ya sha iska. A fara ba su kaɗan-kaɗan har su saba.

Hattara! Ure tsurarsa guba ce. Kada dabba ta lashe shi ko ta sha ruwansa, kuma a ɓoye shi daga yara. Ba a ba doki, jaki ko maraƙi mai shan nono wannan abinci. Karo na farko a nemi ma'aikacin kiwo ya nuna awo.

Abinci mai kyau ba na kowa ba ne. Harawa, dusa da ƴaƴan gawo, a fara ba saniya mai shayarwa, mai ciki, da bijimin noma. Kada a manta da gishiri ko kanwa, da ruwa isasshe.

Daji rumbun kowa ne

Wutar daji tana cinye abincin garke dubu cikin yini guda. Da zarar haki ya fara bushewa a Oktoba, gari ya fito gayya a share hanyar tare wuta, mai faɗin mita 15 zuwa 20. Hakin da aka share a kwashe shi, shi ma tanadi ne. Inda garmani ya mamaye makiyaya, a cire shi kafin ya yi iri, domin yana hana hakin kirki fitowa.

Sassaben zamani, wanda ya faro a jihar Maradi wajen 1984, ya nuna mana darajar icce a gona. Gawo yana da ganye da ƴaƴa a rani, lokacin da daji ba kore. A kiyaye ƙananansa, kuma a sassaƙe reshe da hankali.

Burtali da makiyaya ba gona ba ne. Dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare su. Manomi ya bar wa garke hanyarsa. Makiyayi ya jira ranar da hukuma ta tsayar ta sakin gonaki. Abin da ya faru a Toda a 1991, inda aka rasa rayuka da yawa, ya ishe mu darasi. Manomi yana buƙatar taki da nono, makiyayi yana buƙatar kara da hatsi.

Muna roƙon malaman cibiyoyi su karanta wannan shafi tare da ɗalibai, su yi lissafin dami a kan allo. Wanda ya gwada ɗaya daga cikin dabarun nan, ya rubuto mana da hannunsa abin da ya gani. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare mana dukiyarmu. Amin.