Lambar Wayar Mai Saye: Nauyin Da Doka Ta Ɗora Wa Masu Kantuna

Ya zama ruwan dare a manyan kantunan Legas da Abuja a nemi lambar wayar mai saye kafin a miƙa masa rasit, ko da sabulu ɗaya ya saya. Lambar kuwa ba ƙaramin abu ba ce. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, a OPay kuma lambar wayar ita ce lambar asusu.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta tanadi cewa kada a karɓi bayanin da ya wuce bukata, a kuma shaida wa mai shi dalilin karɓa. In ya ce ba ya son saƙonnin talla, tilas a daina. Cinikin sabulu dai ba ya bukatar lamba.

Ƙaramin ɗan kasuwar da ya saɓa, hukumar NDPC na iya cin tararsa har naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Dokar ba ta tsaya kan kwamfuta kaɗai ba. Har littafin da yaron kanti ke rubuta lambobi ya shiga ciki.