Kartar Turai a Fadojin Tasawa da Mayahi: Ina Gaskiya, Ina Gishiri?

Duk wanda ya zauna a fadar samari a Tasawa ko Mayahi bayan sallar isha'i, shayi na kan gawayi, ya san yadda waya ke yawo daga hannu zuwa hannu. Cikin bidiyoyin da ke katse hira akwai na wasu mutane da suka kewaye teburi, karta a hannu, tulin kwabbai masu launi a gabansu. Can sai a nuno wani ya ɗaga kofi, a rubuta Yuro nawa ya ci, a bi da otal a bakin teku da jiragen ruwa na alfarma. Labarin da ke biye da hoton shi ne wai a Turai akwai gasar karta da ake kira poka, wai in ka iya wasa za a ɗauki nauyinka, a yi maka biza, a sauke ka a otal, ka dawo da abin da noman gero na shekara ashirin ba zai ba ka ba. Wani ƙanena ya tambaye ni ko haka ne, kuma na ga a idonsa da gaske yake.

Na ce masa gasar kam akwai ta. Tun 2004 ake yin wadda ake kira European Poker Tour, kamfanin PokerStars ne ke bayanta, tana zagaya birane irin su Barselona a Sifaniya, da Firag, da Monte Karlo a ƙasar Monako. Otal-otal ɗin na gaske ne, kuma wanda ya zo na ɗaya a babbar gasar yakan tashi da Yuro miliyan guda ko kusa da haka. A nan babu ƙarya.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne inda kuɗin ke fitowa. Daga aljihun 'yan wasan suke fitowa. Kujera ɗaya a babbar gasar Yuro 5,300 ce, kuma tunda Yuro ɗaya tana daidai da sefa 655.957, kuɗin ya kusa sefa miliyan 3 da rabi. Albashi mafi ƙanƙanta a Nijar tun Janairun 2024 jika 42 ne a wata. Mai wannan albashi, ko da bai ci ba bai sha ba, sai ya yi aikin wata 83, wato shekara bakwai saura kaɗan, kafin ya tara kuɗin zama a kujerar. Ba a yi maganar jirgi ba, ba a yi ta otal ba, kuma duka ɗan wasa ne ke biya. Daga abin da aka tara, masu gasar su fara cire nasu, ragowar a raba wa kimanin mutum 15 cikin kowane 100. Sauran 85 su tashi hannu rabbana. Cikin waɗanda suka samu ma, na ƙarshen layi abin da ake ba su bai kai ninki biyu na abin da suka zuba ba.

To ina maganar ɗaukar nauyi ta samo asali? Tana da tushe. Akwai ƙananan wasannin share fage da ake yi ta intanet, mutane da yawa su zuba kuɗi kaɗan-kaɗan, wanda ya yi nasara a ba shi kujera a babbar gasa, wani lokaci har da otal. Labarin da ya fi shahara shi ne na Chris Moneymaker, wani akanta ɗan jihar Tenesi a Amurka, wanda a 2003 ya shiga irin wannan wasa da ƙasa da dalar Amurka 100, ya samu kujera a gasar duniya ta Las Begas, ya cinye dala miliyan 2 da rabi cikin mutum 839. Hakan ya faru. Amma kujerar da aka ba shi, kuɗin waɗanda suka faɗi a wasan share fagen ne suka saye ta, kuma fiye da shekara ashirin ke nan sunansa ake ta maimaitawa, don irinsa ba su da yawa. Akwai kuma masu kuɗin da ke biya wa ƙwararrun 'yan wasa kuɗin shiga a raba riba, sai dai suna yi wa waɗanda aka san tarihin wasansu a rubuce na shekaru. Wanda ya aiko maka da saƙo ta WhatsApp cewa an zaɓe ka, ka turo kuɗin rajista ta waya, wannan ɗan damfara ne, ko da ya haɗo da takarda mai tambari da hatimi.

Maganar biza ta fi ci mini rai, don a nan ne ake sayar da akuya da rago, wani har gona ya jinginar. Babu wata gasar karta da ke ba da biza. Ofishin jakadancin ƙasa ne kaɗai ke bayarwa, bayan ya ga fasfo, da shaidar kuɗi a banki, da masauki, da tikitin dawowa, da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Kuɗin neman bizar Shengen, ta shiga Turai, tun Yunin 2024 Yuro 90 ne, kusan jika 59, kuma in an hana ka ba a mayar maka. Ta kwana 90 ce iyaka, ba ta ba da izinin aiki. Ga ɗan Nijar abin ya ƙara tsauri: Air France ta daina zuwa Yamai tun Agustan 2023, Faransa kuma ta rufe ofishin jakadancinta a Janairun 2024, alhali Monako ta Faransa ake shigarta. Wasu na cewa tunda Nijar ta soke dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure a Nuwamban 2023, sai a bi ta Agadas da Libiya, in an tsallaka a nemi teburin. Wanda ya tsira daga hamada da teku ya isa ba takarda, ƙofar gidan cacar ma ba zai wuce ba, don sai an duba fasfo ake yin rajista.

Akwai masu cewa poka ba caca ba ce, wasan basira ne kamar dara. Basira kam tana ciki, ba na musu. Wanda ya iya lissafi kuma ya iya karanta abokin wasa zai fi wanda bai iya ba, in aka yi wasa dubbai. Amma a dara komai a fili yake a ƙasa, kana ganin 'ya'yan abokinka yana ganin naka. A poka ana cuɗa karta a raba a rufe, gwani na iya yin komai daidai karta ɗaya ta kore shi. Daniel Negreanu ɗan Kanada, wanda yana cikin gwanayen da duniya ta fi sani, ya taɓa fitar da lissafinsa na 2017: ya ci kusan dala miliyan 2.8, amma da ya cire kuɗin shiga gasanni sai ga shi da asarar fiye da dala 80,000. In aka ce wane ya ci miliyan kaza a rayuwarsa, abin da ya karɓa ake nufi, ba a cire abin da ya zuba ba.

A wajen malamanmu kuwa, duk wasan da za a zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe na wanda ya faɗi caca ce, kuma ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun haɗa ta da giya a wajen hani. Dokar ƙasa wani abu ne daban. A Nijar hukumar LONANI ta gwamnati ce ke gudanar da tambola da cacar sukuwar dawakin Faransa, a Kano kuwa Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Oktoban 2024. Izinin gwamnati bai sauya hukuncin malamai ba, kamar yadda Yuro da fitilu masu ƙyalli ba su raba poka da kartar da iyayenmu ke kore mu daga gindinta a bayan kasuwa ba.

Abu na ƙarshe da na gaya wa ƙanena shi ne tarihin Monte Karlo kanta. Gidan sarautar Grimaldi na Monako ya shiga matsin kuɗi bayan ya rasa garuruwan Menton da Roquebrune, sai aka kafa gidan caca a Monte Karlo don baƙi su zo su zubar da nasu. Ya yi ribar da har a 1869 sarki Charles na Uku ya yafe wa mutanensa haraji. Amma har yau dokar Monako ta hana 'yan ƙasar yin caca a gidan. Ɗan Monako da aka haifa a unguwar, in ya zo ƙofa aka duba katinsa, sai a mayar da shi gida.