Fenti Kan Fenti: Abin Da Ke Ɓata 'Yan Ƙananan Motoci

Akwai matasa a zangunanmu da suka ɗauki sha'awar harhaɗa 'yan ƙananan motocin roba, irin na kamfanin Tamiya na Japan ko Revell, waɗanda aka rage girmansu sau 24. Akwati ɗaya kan ci kuɗin da yaro ya yi watanni yana tarawa. Abin takaici, mun ga yadda aikin mako uku ya lalace cikin minti biyu saboda an fesa fenti kan wani fentin da ba su jituwa.

Fentin nan iri uku ne. Akwai laka, ba ta tabo ba, wato mai zafin nan da ke zuwa a gwangwanin feshi na Tamiya. Akwai fentin mai, irin na Humbrol a 'yan gwangwanaye masu mililita 14. Sai kuma fentin ruwa, wanda ya fi su sanyi. To, mai zafi ne ke fara kwanciya, mai sanyi ya hau kansa. In aka juya, aka fesa laka kan fentin mai, ruwan da ke cikinta sai ya narkar da na ƙasa, jikin motar ya tattare kamar fatar kada. Mu ma mun yi wannan kuskure. Fentin mai yana yaudara, a taɓa shi a ji ya bushe, alhali cikinsa ɗanye ne. A ba shi mako guda.

Kafin a taɓa motar, a gwada haɗin a bayan cokalin roba.

In ɓarna ta riga ta auku, kada a goge da yatsa. Fentin da ya zuba, ko wanda ya yi gwari-gwari kamar ɓawon lemo don an fesa daga nesa, a bar shi ya bushe sarai. Sannan a jiƙa samfefa mai lamba 2000, a riƙa shafawa a hankali, a bi da man goge mota. A kula da gefuna, nan fenti ya fi sirara. Wanda ya tattare kuwa sai an wanke shi duka da barasar asibiti mai ƙarfi. Tinar da masu fentin manyan motoci ke aiki da ita a Suame ta Kumasi, kul! Tana cinye robar kanta.

Yanayinmu ma yana da hannu. Da damina, danshi kan sa laka ta yi fari-fari kamar hazo, don haka a jira ranar da gari ya bushe. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce matsala. Mukan yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin feshi, mu bar taga a buɗe saboda warin, da an gama kuma mu kifa wa motar kwali mai tsabta har gari ya waye.