Yaɓen Rani

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Gwaram ko Birnin Kudu ya san ba a damina ake aikin soro ba. Da bazara ta kankama maigida zai sa a kwaɓa ƙasa, magini ya hau ya bi tsaga ɗaya bayan ɗaya ya liƙe, ya share bakin indararo, in da hali a shafe da makuba. A lokacin ko gajimare babu. Wanda ya ce bari sai an ga hadari, shi za ka ji a watan Agusta da tsakar dare yana jan gado, uwargida na jera kwanoni da robobi ana tarar yoyo.

Akwai ciwon da zama da shi ya yi kama da riƙon soro. Gyambon babban hanji ne, wanda likitoci ke rubuta wa ulcerative colitis a kati. Ba shi ne olsar da aka saba ba, waccan a tumbi take. Wannan yaɓen cikin babban hanji yake ci: ya faro daga dubura ya yi sama a jere, fatar ciki ta kumbura, ta yi ja, ta riƙa zubar da jini. Mai shi yana zawo da jini da majina, yana jin matsuwar da ba ta jira, ya je ya tsuguna abin da zai fito bai cika cokali ba. Yawanci tsakanin shekara 15 zuwa 30 yake fara bayyana. Kuma yana da daminarsa da raninsa: ya taso makonni, ya lafa watanni kamar ba a yi ba.

A wuri ɗaya misalin ya gaza. Ruwan da ke cin soro daga sama yake zuwa, wannan kuwa garkuwar jikin mutum ce ke juyowa kan hanjinsa. Ba ƙazanta ba ce, ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya.

Matsalarmu ita ce duk jinin da aka gani a bayan gida sunansa basir. Ka zaga kasuwar Sara ka saurari masu lasifika, kusan babu ciwon da ba su jingina wa basir ba. In ba a ce basir ba a ce atuni, a je kemis a karɓo Flagyl. Gaskiya atuni ya fi yawa a wajenmu nesa ba kusa ba, likita ma shi zai fara zargi, kuma daidai ne. Amma wanda ya sha maganin atuni ya sake sha, gwajin bayan gida bai nuna komai ba, zawon na tashinsa daga barci, tafin hannunsa ya yi fari, wando na zame masa, to ya kamata ya daina sauya kwanon tarar ruwa, a hau soron a duba.

Hawan soron shi ne gwajin da ake zura siririn bututu mai kyamara ta dubura a kalli bangon hanji, a tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Kwana ɗaya kafin nan ana shan maganin wankin ciki, kuma masu yi sun fi kokawa da wannan wunin fiye da gwajin kansa. Mutumin Gwaram zai iya farawa da asibitin tarayya na Birnin Kudu, in buƙata ta kai a tura shi wajen likitocin hanji, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Na san kunya ke hana mutane da yawa, musamman magidanta. Sai dai tarin fuka na hanji, da cutar Crohn, da kansar hanji duk suna iya zuwa da kama ɗaya, kuma ba a rarrabe su da ido daga waje.

In ciwon ya taso da ƙarfi, prednisolone ake bayarwa. Tun 1955 likitoci biyu na Ingila, Truelove da Witts, suka nuna irin wannan magani na kwantar da shi. Shi ne ledar da ake shimfiɗa wa soro ana tsaka da ruwa, a danne da duwatsu. Tana aiki a daren, amma ba wanda ke shekara da ita. In aka daɗe ana sha fuska ta kumbura, suga da hawan jini su biyo baya, ƙashi ya yi rauni. Ba a kuma yanke shi farat ɗaya, a hankali ake ragewa. Mafi haɗari, in ashe atuni ne aka ɗora masa wannan magani, hanji na iya hujewa. Shi ya sa bai kamata a saye shi da ka ba.

Yaɓen ranin kuwa shi ne sulfasalazine, wanda likita Nanna Svartz ta ƙasar Suwidin ta samar a farkon shekarun 1940, ko mesalazine da ya fi shi sauƙi a jiki amma ya fi tsada. Kullum ake sha, har a ranar da mutum ke jin garau. A nan yawancin marasa lafiya ke faɗuwa. Wata uku babu jini, ga kuɗin taki, ga hidimar Sallah, sai ka ji an ce, "Ai Alhamdulillahi na warke." Ba zan zargi talaka da lissafin aljihunsa ba, amma kwanciyar asibiti da ƙarin jini sun fi ƙwayoyin nan ci. Mai shan sulfasalazine kada ya tsorata in fitsarinsa ya koma ruwan goro. Namiji mai neman haihuwa kuma ya gaya wa likita, domin yana rage ƙwayoyin maniyyi har sai an sauya shi. In waɗannan sun gaza akwai azathioprine, akwai allurai irin su infliximab masu ɗan karen tsada, a ƙarshe akwai tiyatar cire babban hanjin gaba ɗaya.

Ciwon bai san mulki ba. Shinzo Abe, tsohon firaministan Japan, ya sauka daga kujera a 2007 saboda wannan ciwon, ya dawo a 2012, a 2020 ciwon ya sake saukar da shi. Shekara kusan takwas ya yi yana mulki a tsakani.

Sauran dabarun zama ne. Mai ciwon kan san inda kowane banɗaki yake tsakanin gida da tasha, ya ƙi cin komai kafin ya hau motar Kano. Matsalar riƙe alwala da ta azumi a lokacin da ya taso, malamai sun san hukuncin mai uzuri, a tambaye su ba tare da nauyin baki ba. Ana aure da shi, ana haihuwa. A guji diclofenac da ibuprofen da ake haɗiya bayan an dawo daga gona, suna iya tayar da shi. Wanda ya kai shekara 8 da ciwon ya riƙa komawa ana duba hanjin lokaci-lokaci saboda kansa. In kuwa zawon jini ya kai sau 6 a rana, ga zazzaɓi, zuciya na bugawa da sauri, ko ciki ya kumbura, kada a sha maganin tsayar da gudawa, kada a jira gari ya waye. A nemi mota a daren.