Gocewar Hoto a Allon Talabijin: Dalilanta da Hanyar Gano Ta

Gabatarwa

Tun shekarar 1962 da aka buɗe gidan talabijin na Kaduna, akwatin talabijin yake ta kutsawa cikin ƙasar Hausa, musamman bayan da Jihar Kano ta kafa nata gidan, watau CTV, a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. A yau da wuya a ratsa Bebeji ko Kwanar Ɗangora ko Tudun Wada ba a ga gidan kallon ƙwallo ba. To, daga cikin matsalolin da masu akwatin suke fama da su akwai gocewar hoto: a ga ya matsa gefe guda, baƙin fili ya bayyana a ɗaya gefen, ko rubutun labarai na ƙasa ya yanke. Ga mai gidan kallo wannan asara ce, domin lissafin ci da agogon wasa a kusurwa suke zama, in sun ɓace kuwa 'yan kallo sai su koma wani gidan. Manufar wannan ɗan bayani ita ce a nuna cewa sau da yawa laifin ba na akwatin ba ne, kuma mutum yana iya gano inda yake kafin ya ɗauki kaya daga Doguwa zuwa Kano neman mai gyara.

Yadda Hoto Yake Samuwa

Akwatunan da ake amfani da su iri biyu ne. Na farko shi ne tsohon yayi mai ƙusumbi, wanda gilashinsa babbar kwalba ce. A wuyan kwalbar akwai abin da yake harba tsirkiyar lantarki zuwa fuskar gilashi, wasu naɗaɗɗun wayoyi kuma suna jan tsirkiyar daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, tamkar yadda alƙalami yake bin layi. A tsarin PAL, wanda Nijeriya ta ɗauka, kowane hoto layi 625 ne, kuma ana zana hoto 25 cikin daƙiƙa ɗaya, watau layi 15,625 ke nan. Tare da hoton, tasha tana aiko da wata alama mai gaya wa akwatin inda kowane layi zai fara. Idan alamar ta yi rauni, ko kayan da suke sarrafa tsirkiyar suka gaji, sai layi ya fara a inda bai kamata ba, hoto ya goce.

Na biyu shi ne shafaffen allo na bango. Shi ba ya harba kome. Fuskarsa ɗigo-ɗigo ce kafaffu, alal misali 1920 a kwance da 1080 a tsaye, kowane ɗigo da mazauninsa. Saboda haka maganaɗisu ba ya ture hotonsa. In ya goce, galibi saɓani ne tsakanin siffar hoton da aka aiko da siffar da aka umarci akwatin ya nuna. Tsohuwar siffa ita ce 4:3, sabuwa kuwa 16:9, wadda ta fi faɗi.

Matakan Bincike

Mataki na farko shi ne a dubi baƙin filin da kyau. Idan yana hagu da dama, kuma faɗinsu ɗaya, to babu laifin kome. Wasannin kwaikwayon CTV na da, da finafinan Hausa na farko irin su Turmin Danya na 1990, duk a siffar 4:3 aka ɗauke su, ba za su cika faffaɗan allo ba sai an ja su, fuskokin mutane su baje. Gocewa ta gaskiya ita ce wadda filin yake gefe ɗaya kawai, ko wani gefen ya fi wani.

Na biyu, a danna rimot a fito da shafin saiti na akwatin kansa. Wannan rubutu a cikin akwatin ake ƙirƙirarsa, ba daga tasha yake zuwa ba. Idan ya zauna daidai a tsakiya alhali hoton da ke bayansa a goce yake, sai a nemi laifin a waje, watau a dikoda ko waya ko tasha. Idan kuwa shi ma ya goce, zargi ya koma kan akwatin.

Na uku, a canza tasha, sa'an nan a canza abin da aka jona. In tasha ɗaya ce kaɗai take gocewa, daga can ne, mai kallo ba shi da abin yi sai jira. In duk tashoshin dikoda suna yi amma faifan bidiyo ba ya yi, sai a shiga saitin dikodar. Dikoda tana da nata zaɓi na 4:3 ko 16:9, akwatin ma yana da nasa, kuma wajibi ne su zo ɗaya. Har wa yau a duba maɓallin ƙara girman hoto a rimot, domin yara kan danna shi ba da sani ba, hoto ya kumbura gefunansa su fita daga allo. Wanda ya jona kwamfuta kuma ya tabbatar yawan ɗigon da take aikowa ya dace da na allon.

Na huɗu ya shafi mai ƙusumbi. Wutar gida ya kamata ta kai wajen volt 230, amma a ƙauyuka ta kan zo da rauni, yawancin gidajen kallo kuma da ƙaramin janareto suke aiki. Idan hoto ya tsuke ta kowane gefe, ko yana buɗewa yana tsukewa tare da ƙugin janareto, wutar ce ba ta isa ba. A rage wa janareton kaya a sake dubawa. Haka nan babbar lasifika da aka jingina da akwatin, maganaɗisun cikinta yana murɗe kusurwar hoto yana ɓata launi. A janye ta nesa, a zare akwatin daga wuta kamar rabin awa, a sake kunnawa.

Na biyar shi ne nisa. Garuruwan kudu, irin su Riruwai da ke cikin duwatsu, sun yi wa turakun tashoshin birnin Kano nisa ƙwarai. Raunin sigina a tsohon tsari yana sa hoto ya yi yayyafi, ko ya riƙa mirginawa sama. A sabon tsarin dijital kuwa hoton daskarewa yake yi ko ya farfashe. Duka biyun maganinsu gyaran eriya ko farantin tauraro, bai kamata a kira su gocewa ba.

Inda Ya Kamata a Tsaya

Idan an bi matakan nan duka, shafin saiti kuma yana nan a goce, to aikin ya zama na gwani. A mai ƙusumbi, zafi da tsufa su kan busar da ƙananan kayan da suke riƙe lantarki, ko wayoyin wuyan kwalba su kwance hoto ya karkace. A na bango kuwa, allon da yake rarraba hoto ne kan sami matsala. Kada mai akwati ya kuskura ya buɗe bayan mai ƙusumbi. Kwalbar mai launi tana aiki da wajen volt 25,000, kuma tana riƙe wuta ko bayan an zare ta daga soket. Masu iya magana sun ce garin neman gira a kan rasa ido.

Kammalawa

A taƙaice, mai karatu zai ga cewa huɗu daga cikin matakan nan biyar ba sa cin ko kwabo, na biyar ɗin ma hawa rufi ne a juya eriya. Wanda ya bi su a jere, ko dai ya gyara hotonsa da rimot, ko kuma ya isa wurin mai gyara yana iya faɗin abin da ya gani da abin da ya riga ya gwada, ta yadda ba za a canza masa kayan da lafiyarsu ƙalau ba.